Shin kebul mai tsada yana ƙara daɗin sauti?



A kasuwannin yankinmu, daga Bagudo har Tsamiya da Lolo da ke bakin iyakar Benin, ana sayar da kebul iri-iri na haɗa dikoda da talabijin, ko talabijin da sifika. Akwai mai arha, akwai mai tsada da bakinsa ke ƙyalli kamar zinariya. Sau da yawa mai kaya zai ce maka mai tsadar ya fi fitar da sauti garau. Kafin Baba ko Yaya ya ƙara kuɗi saboda wannan magana, ya kamata mu san ko gaskiya ce. Amsar ta danganta da irin kebul ɗin, domin iri biyu ne.

Na farko shi ne analog. Misalinsa kebul mai kai ja da fari, da siririn nan da ake sokawa a ramin iyafis na waya. A cikinsa lantarki yana hawa yana sauka daidai da yadda sautin ke hawa da sauka. Duk abin da ya taɓa lantarkin ya taɓa sautin. Wutar gidajenmu tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, don haka idan kebul maras kariya ya kwanta kusa da wayar wuta, sifika takan riƙa yin "huuu" ƙasa-ƙasa. A nan ingancin kebul yana da tasiri.

Na biyu shi ne dijital. Misalinsa HDMI mai ɗaukar hoto da sauti tare, da USB, da kebul ɗin haske mai suna Toslink, wanda kamfanin Toshiba ya fito da shi a 1983. Waɗannan lambobi suke ɗauka, 0 da 1 kawai. A faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, a rubuta kowane awo da lambobi 16. Aikin kebul shi ne ya kai lambobin. Can cikin talabijin ko amfilifaya ne wata 'yar na'ura ke mayar da su sauti.

Ga misali. A ce abokinka yana tsallaken kogin Neja da dare yana aiko maka saƙo da tocila. Kunnawa 1 ce, kashewa 0 ce. Ko da hazon hunturu ya rage hasken, muddin kana iya bambanta kunnawa da kashewa, saƙon zai iso cif. Sabuwar tocila ba za ta canja abin da saƙon ya ce ba. Amma idan hazon ya yi kauri har ba ka gani, sai saƙon ya yanke. Haka kebul ɗin dijital yake. In lafiyarsa lau, lambobin da mai arha ya kai su ne mai tsada zai kai. In ya lalace, sautin zai riƙa ɗaukewa, ko ya yi ƙas-ƙas, ko ya yi shiru gaba ɗaya. Ba ya ƙara wa ganga nauyi, ba ya ƙara wa murya zaƙi.

Muna da shaida a kusa da mu. Masu tura karatu da waƙoƙi a memori da kebul na yau da kullum suke aiki, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Amma ku tambayi iyayenmu game da zamanin kaset, wanda analog ne. Duk kwafin da aka yi daga wani kwafin, sai ya fi na baya shuu.

To ina amfanin ruwan zinariyar? Zinariya ba ta tsatsa, saboda haka bakin kebul yakan daɗe, musamman da damina. Amma a kebul ɗin haske ado ne kawai, tun da jan haske ne ke bi ta ciki, ba lantarki ba.

Abubuwan da ke canja daɗin sauti da gaske su ne ingancin sifika, da wurin da aka ajiye ta a ɗaki, da kuma yadda aka matse fayil ɗin tun farko. CD yana ba da kilobit 1,411 a daƙiƙa, amma yawancin MP3 da ke yawo a wayoyi ba su kai rubu'in haka ba, wasu 128 ne kacal. Abin da aka zubar wajen matsewa, babu kebul ɗin da zai dawo da shi.

Saboda haka in an aike ka sayen kebul, ka kula da waɗannan:

1. Ka sa a gwada shi a gabanka.
2. Ka duba bakinsa ya zauna daram, ba ya rawa.
3. Ka sayi daidai tsawon da ake buƙata, don mai tsawo sosai ya fi saurin kawo matsala.
4. Wasu USB na caji ne kawai, ba sa tura komai. Ka tambaya.
5. Kada a lanƙwasa kebul ɗin haske da ƙarfi, cikinsa yana karyewa.

Wanda bai yarda ba, ga gwaji. A samo HDMI biyu masu lafiya, mai arha da mai tsada. A rufe idon mai saurare da ɗankwali, a riƙa canja kebul ba tare da an taɓa ƙarar ba, shi kuma ya faɗi wanne ne. A maimaita sau 10, a rubuta sau nawa ya dace, a kawo mana sakamakon mu liƙa a wannan allo. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare