Sharar da Wuta Ba Ta Kashewa: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu da Iyalinta Su Sani

Duk wadda ke zuwa awo a babban asibiti wataƙila ta taɓa ganin wata alama a jikin wasu ƙofofi: zane mai kama da fanka mai fikafikai uku, baƙi a kan ruwan ɗorawa. Wasu matan sukan wuce ta ba tambaya, wasu kuma da sun hango ta sai su dafe ciki su ƙara sauri. Alamar tana nufin ana aiki a wurin da tururin da ake kira radiyeshon, wanda ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, amma yana ratsa jiki. Likitoci na amfani da shi wajen gano cuta da gashin ciwon daji, masu bincike kuma na aiki da sinadaran da ke fitar da shi a ɗakunan gwaje-gwaje. A wannan fitowar za mu duba inda sharar waɗannan sinadarai take zuwa, da inda lamarin ya shafi mai ciki.

Abin da ya faru a Goyaniya

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutum biyu masu neman tsofaffin ƙarafa suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka tashi aka bar shi kango. Suka tarar da tsohuwar na'urar gashi, suka kwance kanta suka tura a baro zuwa gida. A ciki akwai ɗan gwangwani mai ɗauke da garin sinadarin siziyom-137 da bai kai giram 100 ba. Suka huda shi, daga baya suka sayar wa wani mai sayen gwangwan. Da dare mutumin ya ga garin yana haske shuɗi a cikin duhu, ya ɗauka wani abu ne mai daraja, ya shigar da shi gida, ya ɗiba wa 'yan'uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6, ɗiyar ɗan'uwansa, ta yi wasa da garin, ta ci abinci da shi a hannunta.

Nan aka fara amai da gudawa da jiri, fata tana sulluɓewa kamar ƙunar wuta. Da farko an ɗauka abinci ne ya ɓata wa mutane ciki. Matar mai gwangwan ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo gidan ciwo ya shigo, ta sa aka zuba shi a jaka, ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Wannan hankali nata ya ceci jama'a da dama, amma ita ba ta tsira ba. Mutum 4 suka rasu: ita, da yarinyar, da yaran shagon guda biyu. An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu ko tufafinsu. An rushe gidaje, an kankare ƙasa, sharar da aka kwashe ta kai kubik mita 3,500.

Barazil na da nisa, amma sana'ar gwangwan da jari-bola ba baƙuwa ba ce a unguwanninmu, kuma gidaje da yawa da ita ake cefane.

Me ya sa ba a ƙona ta?

Sauran sharar asibiti, kamar auduga mai jini da allurai, ana ƙona ta ko a turara ta da zafi don ƙwayoyin cuta su mutu. Wannan kuwa ba rai gare ta ba balle a kashe. Idan aka ƙona ta, sai ta bi hayaƙi da toka ta bazu. Abin da ke rage mata ƙarfi guda ɗaya ne, wato lokaci.

Kowane sinadari yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. A ɗauki misalin mudun gero da kullum ake ɗibar rabin abin da ya rage: in aka yi haka sau goma, abin da zai saura bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Teknishiyom-99m, wanda ake yi wa majiyyaci allurarsa don ɗaukar hoton ƙashi ko ƙoda, awa 6 ne wa'adinsa, don haka cikin kwana biyu da rabi ya kusa ƙarewa. Aidin-131, wanda ake sha don maganin wasu cututtukan ƙullutun gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, kwana 8 ne nasa. Fosforas-32 na ɗakunan bincike kwana 14.

Shi ya sa ma'aikata ke raba sharar tun daga kan tebur. Sirinji, safar hannu, auduga da kwalabe kowanne na da mazubinsa, a rubuce da sunan sinadarin da ranar da aka zuba. Sai a kulle su a wani ɗaki, galibi a bayan dalma, wani lokacin kuma a bayan roba mai kauri, gwargwadon irin tururin. Idan wa'adi ya cika ba a yarda da lissafi kaɗai, sai an kara na'urar awo an tabbatar, sannan a goge alamar a haɗa su da sauran sharar asibiti.

Masu dogon wa'adi su ne matsala. Kobal-60 na na'urorin gashi sai ya haura shekara 5 kafin ya ragu da rabi, siziyom-137 kuwa shekara 30. Irin waɗannan ana mayar wa kamfanin da ya sayar ko a miƙa wa hukuma ta adana. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi da bin diddigin su. Ko ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka kunna a 2004, da aka sauya mata makamashi a 2018, ƙasar Sin aka mayar wa tsohon.

Ina ya shafi mai ciki?

Bari mu fara kwantar da hankali. Sikanin da ake yi miki a wurin awo da sauti yake aiki, babu wannan tururin a cikinsa. Na'urar hoton eksire ba ta barin shara, da an kashe ta shi ke nan. Haka wanda aka yi wa gashi da na'ura daga wajen jiki ba ya komawa gida da tururi, kina iya zama kusa da shi ku ci abinci tare.

Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda aka ba sinadarin ya sha ko aka yi masa allurarsa, domin na ɗan lokaci fitsarinsa da yawunsa da guminsa su ma sun zama irin wannan shara. Wanda ya sha aidin-131 za a ce ya kwana shi kaɗai na wasu kwanaki, ya ware kofinsa da cokalinsa, kada ya sa hannu a kwano ɗaya da yara, ya kora ruwa sosai bayan ya kewaya. Mai ciki ba ita za ta yi jinyarsa ba, ko da mahaifiyarta ce. A nemi wata ta riƙe, wannan ba rashin zumunci ba ne.

Idan kuma ke ce za a yi wa gwajin ko maganin, za a tambaye ki ko kina da ciki da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Mun san kunyar cikin fari, mun san wata ba za ta iya amsawa a gaban uwar miji ba. To ki ja ma'aikaciya gefe ki faɗa mata, ko da zato kike yi. Aidin-131 yana ratsa mabiyiya, kuma daga wajen mako na 10 zuwa na 12 ƙullutun wuyan ɗan tayi yana fara zuƙar aidin, wanda zai iya lalata shi har abada. Yana kuma fita a nono, don haka mai shayarwa sai ta yaye kafin a ba ta. Bayan maganin akan ce mace ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata 6. Wadda ke aiki a ɗakin gwaji ko take share shi, ita ma ta sanar da shugabanta da wuri don a sauya mata aiki.

Ga maigida da samarin gida

Bayan haɗurra irin na Goyaniya, a 2007 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fito da ƙarin alama don wanda bai san ma'anar fankar ba: ja ce mai kusurwa uku, da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa, da mutum yana gudu. Akan manna ta a jikin na'urar daga ciki, inda mai kwancewa zai ci karo da ita. Duk wanda ya ga ɗayan alamomin nan biyu a jikin tsohon ƙarfe, musamman ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, kada ya fasa, kada ya sa a aljihu, kada ya kai gida. Ya ja da baya, ya hana yara matsowa, ya sanar da 'yan sanda ko asibiti mafi kusa. Idan ya riga ya taɓa, ya tuɓe tufafin ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, ya zo asibiti ya faɗi abin da ya taɓa da tsawon lokacin da ya yi tare da shi.