Gyaran Fuskar Ƙarfe Marar Tsatsa da Harbin Ilektiron

Abin da ke hana ƙarfe marar tsatsa yin tsatsa shi ne sinadarin kuromiyom da aka gauraya a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Da zarar kuromiyom ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke tsare ƙarfen. Harry Brearley ya haɗa irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila a 1913.

Sai dai fatar tana da inda take da rauni. Wajen narka ƙarfen akan bar ƙananan ƙwayoyin datti, musamman haɗin manganis da farar wuta. A nan ruwan gishiri ke samun kafa, ya huda ɗan rami, ya riƙa ci ta ciki alhali waje na ƙyalli.

Don magance wannan ake harbin fuskar ƙarfen da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki. Ana sa ƙarfen cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, domin iska tana tarwatsa ilektiron. Sai a yi amfani da lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 40,000 a cilla su kan fuskarsa, cikin lokacin da bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa ba. Masana a Tomsk ta Rasha ne suka bunƙasa wannan salo. Saman ƙarfen yana narkewa, amma kaurin abin da ya narke bai kai na silin gashi ba. Da yake jikin ƙarfen da ke ƙasa yana nan da sanyinsa, nan take ya janye zafin, narkakken ya daskare.

Harbin farko ba ya ƙayatarwa. Ƙwayoyin dattin sukan fashe su yi tsartuwa, su bar ramuka. Sai an maimaita sau da dama ramukan ke shafewa, fuskar ta yi sumul, gishiri ya rasa wurin kamawa. Shi ya sa ake gwada dabarar a kan ƙarfe mai lamba 316L, wanda ake dasawa a jikin majiyyata, a Japan kuma ana goge mazuban ƙarfe na masana'antu da ita.

Na'urar tana da tsada, girman akwatin kuma shi ke yanke girman kayan da za a gyara. Tana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, don haka dole a killace ta da dalma ko ƙarfe mai kauri.