Me Ya Sa Gyaran Daɓen Kankare Yake da Tsada?

A shekarar 2015 hukumar birnin Los Anjalis ta ƙasar Amurka ta amince za ta kashe kimanin dala biliyan 1.4 a cikin shekara 30 domin gyara hanyoyin kankare na gefen titi, waɗanda masu tafiya a ƙasa suke bi ta ƙofar gidaje. Naƙasassu ne suka kai birnin ƙara a 2010, saboda daɓen ya tsattsage ya yi tudu da kwari, har keken guragu ba ya iya wucewa. An ƙiyasta a lokacin cewa kusan kashi 40 cikin 100 na waɗannan hanyoyi, masu tsawon fiye da mil 10,000, suna bukatar gyara. To, ina wannan tsada ta samo asali, alhali kankare ba kome ba ne illa siminti da yashi da tsakuwa da ruwa?

Ɗalibi zai iya gano amsar da ɗan lissafi. A ɗauki falle ɗaya na daɓe mai tsawon mita 1.5, faɗi mita 1.5, kauri santimita 10. Idan aka ninka su za a sami mita kubik 0.225. Tun da nauyin mita kubik ɗaya na kankare ya kai kilo 2,400, wannan falle zai yi kilo 540. Amma simintin da ke cikinsa bai wuce kilo 70 ba, wato ko buhu ɗaya da rabi bai cika ba. Ashe ke nan ba siminti ne yake cin kuɗin ba. Sai an farfasa tsohon fallen, an kwashe ɓaraguzai masu nauyin fiye da rabin tan, an gyara ƙasar da ke ƙarƙashi an daddaɓe ta, an kafa katako, kana a zuba sabo. Ladan leburori da birkiloli da hayar mota da injuna su ne suke lashe mafi yawan kuɗin. Daɓen da mota take bi zuwa gareji kuwa ya fi wannan faɗi, sau da yawa kuma ya fi shi kauri.

Dalilin tsagewar yana cikin ɗabi'ar kankaren kansa. Yana da juriyar danni ƙwarai da gaske, amma juriyarsa ga ja ko lanƙwasa kusan kashi ɗaya cikin goma ce kawai na wancan ƙarfi. Muddin fallen yana kwance daram a kan ƙasa, lafiya lau. Da zarar ruwa ya zaizaye ƙasar ƙarƙashinsa, ko wani abu ya turo shi daga ƙasa, sai ya nemi lanƙwashewa, daga nan sai tsagewa. A Los Anjalis saiwoyin itatuwa ne suka fi yin wannan ɓarna, musamman na wata bishiya 'yar'uwar cediya da durumi wadda aka shuka da yawa a bakin tituna saboda inuwarta. Saiwar takan bi danshin da ke taruwa a ƙarƙashin daɓe, tana kauri shekara da shekaru, har ta ɗaga fallen. Duk wanda ya ga yadda dogonyaro yake ɓalle daɓen tsakar gida ya san irin wannan aiki. A garuruwa masu tsananin sanyi kuma, ruwan da ya shiga tsaga yakan daskare, girmansa ya ƙaru da kashi 9 cikin 100, ya ƙara buɗe ta.

Gyaran hawa-hawa ne. Idan falle ya ɗan ɗara ɗan'uwansa, akan goge bakinsa da inji har su daidaita. Wannan shi ne mafi araha. Idan nutsewa ya yi, akan huda shi a tura kwaɓaɓɓen siminti ko wani kumfa mai daskarewa ta ƙarƙashi, ya taso. Sauya fallen ɗungurungum shi ne mafi tsada. Sai dai kowanne aka zaɓa, in ba a kau da saiwa ko an gyara magudanar ruwa ba, an yi asarar kuɗi ne kawai, domin tsagar za ta dawo.

Wane ne zai biya? Wata dokar jihar Kalifoniya ta 1911 ta ɗora wa mai gida nauyin gyaran daɓen da ke ƙofarsa. A shekarun 1970 birnin ya karɓi nauyin duk ɓarnar da itatuwan titi suka yi, sa'an nan kuɗin da yake dogara da su suka yanke, aikin ya yi ta taruwa shekara kusan 40.

Kariya tun farko ba ta da tsada. A rage ruwa a kwaɓi, domin ruwan da ya yi yawa yana barin ƙananan ramuka idan ya bushe. A tsaga layuka da gangan, masu zurfin rubu'in kaurin daɓen, don kankaren ya tsage a inda aka tsara masa yayin da yake tsukewa. Sannan a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin ba bushewa ce take taurara siminti ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma sai a kwana na 28 injiniyoyi suke auna ƙarfinsa.