Rumbun Iri a Gefen Ido: Yadda Magani Kan Jawo Hakiya

Manomin masara a Faskari ko Sabuwa ya san cewa ko gona ta lalace bana, za ta sake yin kyau baɗi muddin iri na nan a rumbu. To, haka ido yake. Fatar nan mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido tana sabunta samanta cikin kimanin kwana 7 zuwa 10. Irin da ake wannan aiki da shi kuwa yana ɓoye ne a siririn zoben da fari da baƙi suka haɗu. A nan uwayen ƙwayoyin halitta suke, suna haifar sababbi. In suka mutu, sai fatar farin ido ta mamaye baƙin da jijiyoyin jininta, ido ya yi hakiya, ga zafi, ga gudun haske.

Abin takaici, wani lokaci magani ne ke ƙone wannan rumbu. Fansidar da Septrin, waɗanda ake saye a kemis daga Ƙanƙara har Sabuwa, da fenobabiton na farfaɗiya, sukan tayar wa ɗaiɗaikun mutane wata muguwar cuta da likitocin yara biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka bayyana a 1922. Takan fara da zazzaɓi, galibi cikin makonnin farko na shan maganin. Fata ta yi bororo, leɓɓa su saɓule, idanu su yi jawur. Hankalin kowa yakan tafi ga fata, a manta da ido, alhali a kwanakin nan ne zoben ke lalacewa. Ba a cika samun cutar ba, amma wanda ya ga alamunta ya dakatar da maganin, ya garzaya asibiti a ranar, ya nemi a duba idon tun bai dushe ba.

Akwai kuma mitomaisin, maganin da ake shafawa wajen cire tsiron naman ido, wanda rana da ƙura ke jawo wa manoma. In ya wuce kima, yakan kashe irin tare da tsiron.

Ɗigon magani ba ya mayar da irin da ya ƙare. A 1989 Kenyon da Tseng suka nuna ana iya yanko ɗan zoben lafiyayyen ido a dasa a ɗaya, kuma a 2012 likitocin Haidarabad ta Indiya suka sauƙaƙa dabarar. Sai dai cutar Stevens da Johnson idanu biyu take kamawa, babu inda za a yanko sai a idon ɗan'uwa ko na mamaci, sannan a daɗe ana shan maganin hana jiki ƙin dashen.