Ciwon firgita: abin da ya sa masana ke koyar da daina kokowa da tsoro

A shekarar 1978, ana tsakiyar wani taron malamai da gardama ta yi zafi a wata jami'a ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wani matashin malami mai suna Steven Hayes ya ɗaga hannu zai yi magana. Da aka ba shi dama sai murya ta ƙi fita, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Abin mamaki, ilimin halayyar ɗan Adam yake koyarwa.

Ya yi shekaru yana kauce wa duk inda yake zaton abin zai sake kama shi, ciwon kuma yana ƙaruwa. Wani dare ya farka da yaƙinin cewa ciwon zuciya ne zai kashe shi, sai daga baya ya gane firgitar ce ta biyo shi har cikin barci. A daren ya yanke shawarar daina gudu. Daga nan ya soma gina hanyar magani da ake kira ACT, wato karɓar abin da mutum yake ji tare da ci gaba da abin da ke da muhimmanci a rayuwarsa. Shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka fitar da littafinta na farko a 1999.

Alamomin ba baƙi ba ne a Maraɗi ko Damagaram, sunan ne baƙo. Gaba ya faɗi ba dalili, numfashi ya sarƙe, zufa ta keto, hannuwa su yi sanyi, mutum ya tabbata mutuwa ce ko hauka. Yawanci cikin minti goma abin yakan kai ƙarshen tsananinsa, sannan ya sauka. Idan yana maimaituwa, har mutum ya yi wata guda ko fiye yana zullumin dawowarsa, shi ne likitoci ke kira ciwon firgita. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. A gida wani ya ce iska, wani ya ce sammu, wani ya ce hawan jini. Ɗan ci-rani a Aljeriya ko Faransa shi ko mai ce masa wani abu ba ya da shi, sai ya kwana yana laluben alamomin ciwon zuciya a salula.

Wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya bayyana yadda zoben yake a 1986. Zuciya ta ɗan ƙara gudu, mutum ya fassara shi da haɗari, fassarar ta ƙara tsoro, tsoron ya ƙara wa zuciya gudu. Bayan an huce kuma sai saƙe-saƙe ya karɓi aiki: in ya same ni a kan kabu-kabu fa? In ya zo ina cikin sahu ranar Juma'a? Haka mutum zai bar kasuwa, ya bar fada, duniyarsa ta yi ta ƙanƙancewa.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a daina tunani, kuma ba ta aiki. A 1987 Daniel Wegner ya umarci mutane su yi minti biyar ba su tuna wata farar dabba ba, su kaɗa ƙararrawa duk sa'ad da ta faɗo musu. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Mai karatu ya gwada da farin raƙumi ya gani.

Saboda haka ACT ba ta neman korar tunani. Ana koya wa mutum ya sauya matsayinsa da shi: maimakon ya ce zan mutu, ya ce na lura tunanin mutuwa ya zo mini. Ana koya masa ya taka ƙasa da ƙafafunsa, ya ambaci abin da yake gani da abin da yake ji a kunne, ya bar bugun zuciyar ya yi ya gama ba tare da ya bar wurin ba. A ƙasar da ake girmama mai kayar da abokin karawa a filin kokowa, wannan magana tana da wuyar haɗiya. Kuma kada a ɗauke ta haƙuri irin na a yi shiru a sha wuya. Wanda ya daina zuwa kasuwa, aikin da ake ba shi shi ne ya koma, ko da ƙirjinsa na bugawa.

Sai batun tausaya wa kai, wanda Kristin Neff ta jami'ar Texas ta fayyace a 2003. Mai wannan ciwo yakan bi kowace firgita da zagin kansa, ya ce shi rago ne, ko imaninsa ne ya yi rauni. Zagin nan wata barazana ce ga jiki, yana hura wutar da ake son ta mutu. Abin da ake horar da shi a kai shi ne ya yi wa kansa magana yadda zai yi wa ƙaninsa da ya same shi cikin wannan hali, ya kuma tuna ba shi kaɗai ba ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba a 2019.

Abin da ya fi shafar ƙasa irin Nijar, inda ƙwararrun fannin ba su da yawa kuma akasarinsu suna Yamai, shi ne ana iya koyar da darussan ba sai da likita a ɗaki ba. OMS ta tsara zama biyar na awa bibbiyu bisa ACT, ana sauraren sautin da aka naɗa a rukuni. An gwada shi kan mata 694 ƴan gudun hijirar Sudan ta Kudu a arewacin Yuganda, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu. Gwajin na damuwa ne gaba ɗaya, ba na firgita kaɗai ba, kuma a ciwon firgita hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT ta fi tarin hujja. Littafin OMS mai zane-zane na waɗannan darussa yana intanet kyauta, har da Faransanci.

Kafin komai dai a je asibiti a duba zuciya da maƙoƙo, domin akwai cututtukan jiki masu kama da wannan. A kuma gaya wa likita gaskiyar kofi nawa na shayi mai kauri ake sha a fada, da ko ana shan tramol, domin yawan shayi na iya tayar da firgita, haka ma yanke tramol farat ɗaya.