Sabuwar Mota A Potiskum: Saye Daban, Riƙo Daban

Duk wanda ya san garin Potiskum ya san cewa mota ba baƙuwa ba ce a can. Garin yana zaune ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Wudil da Azare, ta zarce Damaturu har Maiduguri, ga kuma hanyoyin da suka nufi Gashuwa da Bauchi da Gombe. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a shekarar 1991 mutanen garin suka yi suna wajen mallakar manyan motoci, kuma kowace Laraba tireloli kan yi layi a kasuwar shanu, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, suna lodin dabbobi zuwa Kudu. Amma duk da wannan sabo, mutumin da ya sayi motarsa ta farko yakan tarar cewa biyan kuɗin shi ne ɓangare mafi sauƙi na al'amarin.

Da farko dai ya kamata a fahimci abin da ake kira sabuwar mota a yau. A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, watau a 1975, ma'aikaci kan karɓi motarsa fil daga kamfani, da ɗan littafin da ke faɗa masa ranar da zai komar da ita a duba. Yanzu kuwa akasarin motocin da ake yi wa barka 'yan Kwatano ne, waɗanda suka riga suka sha tafiya a Turai ko Amurka. Sabuwa ce ga mai ita, amma ba ga hanya ba.

Saboda haka aikin farko na takardu ne, ba na injin ba. Kowace mota tana da lambarta ta asali mai haruffa da alƙaluma 17, wadda akan samu a gindin gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Wajibi ne mai saye ya gwada wannan lamba da wadda ke cikin takardar kwastan, harafi bayan harafi, domin bambancin ɗigo ɗaya ya isa ya sa a kama motar a hanya, ko kuma ya nuna cewa ta sata ce. Maganar dillali, komai daɗinta, ba ta tsayawa a gaban alƙali. Abin da ke tsayawa shi ne yarjejeniyar ciniki a rubuce, da sa hannun shaidu. Bayan wannan sai inshora. Tun daga 1 ga Janairu, 2023, kuɗin ƙaramar inshorar da doka ta tilasta wa motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, kuma tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har ta Naira miliyan 3. Sai dai takardar jabu da ake yanka wa mutane da araha ba ta biyan ko kwabo.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne wajen zafin injin. A watan Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji: da zarar an kawo motar Kwatano, sai bakanike ya cire ɗan makullin nan da ke daidaita zagayawar ruwa tsakanin injin da lagireto, yana cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne babba. An ƙera injin ne don ya yi aiki a wani mizani na zafi. Idan aka cire makullin, injin zai daɗe bai kai wannan mizani ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, ƙarafunan cikinsa kuma su riƙa cin juna. Haka nan ɗura ruwan rijiya a lagireto: kanwar da ke cikinsa takan daskare ta toshe ƙananan hanyoyin ruwa, ta kawo tsatsa. Ruwan lagireto na gwangwani ya fi tsada, amma bai kai kuɗin sauke injin ba. Kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin na da zafi, don tururinsa yana saɓule fata.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata aikin. Matatar iskar da za ta shekara a Turai ba a taɓa ta ba, a nan takan cika cikin 'yan makonni. Wanda ya sayi 'yar Kwatano ya juye baƙin mai da man birki tun a makon farko, tunda bai san yaushe aka juye su ba. Wanda Allah Ya hore wa sabuwa fil kuwa, ya lallaɓa ta a kilomita 1,000 na farko, kada ya matsa mata wuta. Game da fetur, ba a manta da abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan ya lalata motoci masu yawa. Idan har na gidan mai zai iya zama haka, ina ga na galan a hannun 'yan bumburutu?

Sai taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba. Iska kuma da safe ake auna ta, kafin taya ta ɗauki zafin kwalta.

A kan hanya, jarrabawar sabon direba ita ce tirela. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tirelar da ta ɗauko shanu kuwa ba ta tsayawa a inda direbanta ya taka birki, sai ta yi gaba sosai. Wanda ya wuce ta ya shiga gabanta nan take ya rage gudu, ya sa kansa a bakin kura. Idan mai ƙaramar mota ba ya hango madubin tirelar da yake bi, to, direbanta ma ba ya ganinsa. Kuma shimfiɗaɗɗen titi irin na Potiskum zuwa Damaturu, mai tsawon kimanin kilomita 100, yana yaudarar ƙafa. Ga dabbobi na tsallakawa, ga hazo da almuru. Ɗaura bel doka ce da aka fara tilastawa tun 2003, ba ado ba ce don ganin jami'ai.

Ɓarawon mota ya fi son taro: ranar kasuwa, wurin ɗaurin aure, bakin asibiti. Makullin sitiyari da na'urar bin sawu suna rage masa sauri, haka ma rashin barin mabuɗi a hannun masu wanki, inda ake iya kwafarsa. Takardun asali a gida ake ajiye su, kwafi ne ke yawo a mota. In kuwa masu makami ne suka tare hanya, a miƙa mabuɗi ba gardama, sannan a garzaya ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar nan mai haruffa 17, domin farantin lamba ana iya sauya shi cikin minti biyar, amma ita tana sassaƙe a jikin ƙarfe.