Hoton Da A Ke Juya Wa Fitila

Wanda ya taɓa neman allura a ƙasa da dare ya san ba a ɗaga fitila sama. Kwantar da ita a ke yi, don ko wane ɗan tudu ya yi inuwa. To, haka abin ya ke ga sassaƙa, da zanen ƙwarya, da tsohon kwabo. In ka ɗauki hotonsu sau ɗaya, haske ya tsaya ke nan inda ya ke, abin da inuwa ba ta nuna ba kuwa ya ɓace maka.

A shekarar 2001 wani masani a Amurka, Tom Malzbender, da abokan aikinsa na kamfanin Hewlett-Packard suka fito da maganin wannan. Dabarar yanzu RTI a ke ce mata. A kan kafe kyamara wuri guda, a ɗauki hoto kamar 50, ko wanne da fitila ta wani gefe dabam. Kwamfuta ta bi ɗigo ɗigo, ta ga yadda ko wanne ke haske da duhu sa'ad da fitila ke zagawa, ta gane inda ya fuskanta. Sa'an nan ta haɗa su hoto guda, mai kallo ya riƙa juya masa haske, sai ka ce fitilar na hannunsa. Da wannan dabara aka taimaka wajen karanta rubutun da ya shafe a jikin na'urar tagulla ta Antikitira, aikin Girkawan da, a 2005.

Malami mai wayar hannu ma ya iya. Ka sami ɗaki mai duhu, ka ɗaure wayar a bisa abin, ka hana ta sake saitin haske da kanta. Ka ajiye ɗan ƙwallo baƙi mai sheƙi a gefe, gama ƙyallin da ke kansa shi zai gaya wa kwamfuta inda fitila ta ke. Ka auna nisan tocila da zare, kada ya sake. Manhajar haɗawa, irin su RelightLab, kyauta ce.

Amma fa kada kome ya motsa, nan wuyar ta ke. Ni na gwada da tsohuwar ƙwaryar kakata, na kai hoto 30 gwiwata ta bugi tebur, tilas na koma farko. Da na gama, na kwantar da hasken ta hagu, sai ga zanen ƙadangare a gindinta, wanda hannu ya cinye har ba wanda ya san da shi a gidanmu.